Mu Ci Daga Lambunmu, Mu Taka Da Ƙafarmu

Ranar wata kasuwa mun tsaya a bakin hanya a wani ƙauye tsakanin Mangu da Panyam, muna jiran mota. Muka ga ana loda wa wata babbar mota kabeji da karas da tumatir da koren wake, za a kai su Farin Gada a Jos, daga can kuma wasu su wuce har Legas. Mai kayan sananne ne a wurinmu, gama mun sha zuwa lambunsa a fadama. Da aka gama lodi ya matsa mana lalle sai mun biya ta gidansa mun sha ruwa. Uwargida ta kawo tuwon masara malmala manya, da miyar kuka a ƙaramin kwano. Mu shida muka sa hannu. Cikin dukan abin da muka ga an loda wa mota, ko karas ɗaya bai shiga tukunyar gidan ba.

Muka tambaye shi cikin wasa, "Baba, ina namu kabejin?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai wannan na kuɗi ne. Mutanen birni ke cin irin waɗannan."

Dattijon nan ba marowaci ba ne. Tuwon da ya ba mu ya ishi mutum goma. Abin da ya faɗa kuwa shi ne abin da yawancinmu muka ɗauka, ko da ba mu faɗa da baki ba: lambu na kasuwa ne, tuwo na gida. Ra'ayinmu a wannan takarda shi ne, mun juya abin baibai. Lambu na gida ne tukuna kafin ya zama na kasuwa. Akwai kuma wata magana ta biyu da ke tafiya tare da wannan, watau yadda muka daina tafiya da ƙafa. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Cututtukan da muke ce na masu kuɗi ne

Sa'ad da muke yara, in an ce wane yana da hawan jini ko ciwon sukari, sai a ɗauka wani babban ma'aikaci ne a Kaduna ko attajiri a Kano. Yau ku tambayi ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauyenku, zai gaya muku yawan mutanen da yake auna jininsu ya ga ya hau. Ku ƙidaya kuma gidajen da kuka sani inda wani yake kwance da shanyewar ɓarin jiki, ana ɗaga shi ana kwantarwa.

Muna da aboki wanda muka yi kwalejin horon malamai tare. A lokacin shi ne mai tsaron gida a ƙwallo, siriri kamar sanda. Da ya fara karɓar albashi ya sayi babur, ya ba da gonarsa aro. Karin kumallonsa shayi ne mai sukari da burodi, da rana shinkafa da lemon kwalba, da dare tuwo. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa makaranta ba a fi tafiyar minti goma ba, amma sai ya hau babur. Ya yi ƙiba, mutane suna cewa aiki ya karɓe shi. Bai cika shekara 40 ba ya faɗi a gaban aji. Yana da rai, amma hannun dama da yake rubutu da shi a allo ba ya ɗaguwa. 'Ya'yansa huɗu ne, babban bai gama sakandare ba.

Ba mu ce abinci da zama kaɗai ke kawo irin wannan ba. Akwai gado, akwai shekaru, akwai taba da giya. Amma gado da shekaru ba su cikin hannunmu. Abin da ke shiga tukunya da yadda muke motsa jiki suna cikin hannunmu, a nan kuwa ya kamata mu fara.

Aikin ganye da 'ya'yan itace a jiki

Tuwo yana ba da ƙarfin aiki. Wake da gyaɗa da nama da kifi da ƙwai suna gina jiki. Ganye da 'ya'yan itace su ne masu gadi, suna tsare jiki daga cuta. Gidan da ke da hatsi cike da rumbu amma ba mai gadi, kowa ya san abin da zai same shi.

Tun da daɗewa aka gane wannan. A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, matuƙan Turai sukan yi watanni a teku suna cin busasshen burodi da naman da aka sa wa gishiri. Sai wata cuta ta kama su, dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su zube, tsofaffin miyaku su buɗe, da yawa su mutu. A shekara ta 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila mai suna James Lind ya ɗauki marasa lafiya 12, ya kasa su biyu biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Biyun da ya ba lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka farfaɗo, ɗaya ma ya koma bakin aiki cikin kwana shida. Abin da ya warkar da su shi ne wanda yanzu ake kira bitamin C. Ga abin mamaki kuma: sai a 1795, bayan shekara kusan 50, rundunar jiragen ruwan Ingila ta fara ba matuƙanta ruwan lemo a kai a kai. Ashe sanin abu dabam, aikata shi dabam. Kada mu yi musu dariya, gama mu ma lemo yana ruɓewa a gindin itace a gidajenmu.

Na biyu shi ne bitamin A. Kowa a ƙauye ya san dundumi, yaro yana gani da rana amma da magariba sai ya riƙa tuntuɓe yana laluben bango. Sau da yawa rashin bitamin A ke kawo shi, in ya yi tsanani kuma yakan kai ga makanta. Wani likitan ido na Amurka, Alfred Sommer, ya yi bincike a ƙasar Indonesiya, a 1986 ya nuna cewa ba yara ƙanana bitamin A ya rage mutuwarsu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 wannan ɗigo a baki sau biyu a shekara. Ku kai 'ya'yanku a ɗiga musu. Amma ɗigo sau biyu ne a shekara, tukunya kuwa kullum ce. Jiki yana samun wannan bitamin daga nunannen mangwaro, gwanda, kabewa, karas, manja, da dukan ganye mai duhun kore kamar zogale da alayyafo. Akwai kuma dankalin Hausa mai jan ciki kamar karas, wanda masanan da suka yi aikin yaɗa shi a Afirka suka sami babbar kyautar abinci ta duniya a 2016. Wanda ya sami irinsa ya dasa.

Na uku shi ne jini. Mata masu ciki da masu goyo da yawa suna fama da ƙarancin jini, ga jiri, ga kasala. Ganye da wake suna da sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi, abu mai tsami kamar lemo ko gwaiba ko tumatir kuwa yana taimakon jiki ya ɗauki ƙarfen. Shayi yana yin akasin haka in an sha shi tare da abinci.

Na huɗu, ganye da 'ya'yan itace suna da wani sashe da ciki ba ya narkarwa. Shi ke share hanji, ya hana taurin bayan gida, ya kuma sa sukari ya shiga jini a hankali. Suna da wani sinadari kuma mai suna fotasiyam, wanda ke taimakawa wajen sauko da hawan jini. Gishiri yana tura jini sama, ganye yana ja da shi ƙasa.

Nawa ne ya isa?

Wani zai ce, "Ai kullum muna cin ganye, ga miyar kuka, ga kuɓewa." Gaskiya ne, miyar kuka kuwa abinci ce mai kyau ƙwarai. Amma bari mu yi lissafi. Cokali nawa na garin kuka ake kaɗawa a tukunyar mutum goma? In an raba, abin da ya isa bakin kowa bai cika cokali ɗaya ba. Miyar ta zama abin da ke taimakon tuwo ya wuce maƙogwaro kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kowace rana. An kasa shi kashi biyar, kowane kashi giram 80. Ba mu da ma'auni a gida, amma muna da hannu. Kashi ɗaya shi ne kimanin abin da zai cika tafin hannunka: lemo ɗaya, ko ayaba ɗaya, ko gwaiba babba, ko yankin gwanda, ko dafaffen ganye cike da ludayi. Ku lura da kyau, rogo da doya da dankali ba su cikin wannan lissafi, gama su 'yan'uwan tuwo ne. Lemon kwalba kuma suna kawai ya ara, ruwa ne da sukari.

Biyar ba ta da wuya kamar yadda take a kunne. Yankin gwanda da safe, ɗaya ke nan. Kwaɗon zogale ko na rama da rana, in an cika kwano, biyu ke nan, sun zama uku. Yalo ko gwaiba a gona, huɗu. Miyar taushe mai kabewa da alayyafo da dare, wadda aka zuba da yawa, biyar. Babu ko ɗaya a nan da aka kawo daga ƙasar waje.

Hukumar ta ce kuma gishirin da mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin miya da burodi da komai. Dunƙulen da muke jefawa uku huɗu a tukunya, babban rabonsa gishiri ne. Kakanninmu da daddawa da albasa da citta suke gyara miya, ba kuwa wanda ya tashi da yunwa.

Abin da mutane ke faɗa mana

In muka yi wannan magana a taron manoma, amsoshi huɗu muke samu kusan ko'ina.

Ta fari, "Ganye abincin awaki ne." Mun gane inda wannan ta fito. Tsofaffinmu sun ga shekarun fari, irin na 1973 da 1984, lokacin da aka rayu da tafasa da ganyen daji domin rumbu ya ƙare. Wanda ya ci ganye don dole, ganye yana tuna masa da wahala. Amma ku je kasuwar birni ku ga yadda masu motoci ke sayen garin zogale a cikin kwalba da tsada. Abin da muke yi wa shinge da shi, su magani suka ɗauke shi.

Ta biyu, "Mangwaro yana kawo zazzaɓi." Sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Mangwaro yana nuna dab da faɗuwar damina, sauro kuma yana ƙaruwa da ruwan fari, sai aka ɗora wa mangwaro laifin maƙwabcinsa. Abin da ke gaskiya shi ne, mangwaron da aka tsinta a ƙasa, ƙuda ya hau, aka ci ba wanki, yana kawo gudawa. Maganin wannan ruwa ne mai tsabta.

Ta uku, "'Ya'yan itace na yara ne." Magidanci yana jin kunya a gan shi yana shan mangwaro a ƙofar gida, amma ba ya jin kunyar kwalbar lemo. Hawan jini kuwa ba yara yake kamawa ba, magidanta yake kamawa.

Ta huɗu ita ce mai nauyi, "Ba kuɗi." Ba za mu raina wannan ba. Mai lambu yana da kuɗin makaranta a kansa, da bashin taki, da kuɗin man injin ban ruwa. Ba mu ce kada ya sayar ba. Cewa muka yi, kafin a ɗaure buhu a cire na gida. Kabeji biyu cikin ɗari ba za su hana biyan kuɗin makaranta ba. A kwatanta su da kuɗin maganin hawan jini na kowane wata har ƙarshen rai, da kuɗin mota zuwa asibiti, da gonar da za ta kwana ba noma in maigida ya kwanta. Wanda ba shi da lambu kuma, daji bai rufe ba tukuna. Garin 'ya'yan kuka ya fi lemo bitamin C nesa ba kusa ba, haka ma gwaiba. Ga ɗorawa da bazara, ga kaɗanya da farkon damina, ga ɗinya, ga magarya da kanya da tsamiya da rani. Wannan ma dalili ne da zai sa mu yi tunani kafin mu sare waɗannan itatuwa don gawayi. Buhun gawayi na mako ɗaya ne, itacen kuwa ya ciyar da kakanmu.

Kada a kashe amfanin a tukunya

Iyayenmu mata, wannan sashe naku ne, ko da yake maza ma su ji.

A wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. Kada a bar shi yana tafasa har ya koma baƙi, a zuba shi daga ƙarshe, ya yi 'yan mintoci a sauke. Ruwan da aka dafa ganye a ciki, in ba mai ɗaci ba ne, a sa shi a miya. A rage kanwa, gama tana sa ganye ya yi laushi da wuri amma tana kashe bitamin C da wasu. A sa ɗan mai ko ƙuli ko gyaɗa, domin bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Ashe wadda ta fara haɗa kwaɗon zogale da ƙuliƙuli ta san abin da take yi.

In za a shanya ganye don rani, a shanya a inuwa inda iska ke bi, a kan tabarma mai tsabta. Rana tana cinye amfaninsa, shi ya sa kukar da aka shanya a inuwa ta fi kore. Zoɓo abin sha ne mai kyau, amma in an cika masa sukari ya koma ɗan'uwan lemon kwalba.

Abin da za a ci ɗanye, kamar latas da tumatir da karas, a wanke shi sosai da ruwan da za a iya sha, musamman lokacin da ake fama da amai da gudawa. Masu lambu kuma, kowane maganin feshi yana da kwanakin da za a jira kafin a tsinki amfani, an rubuta a jikin kwalba. Wanda ya yi feshi yau ya kai kasuwa gobe, guba ya sayar wa ɗan'uwansa.

Yaro daga wata shida, in an fara ba shi kunu tare da nono, a dama masa gwanda ko ayaba ko kabewa, a barbaɗa garin zogale kaɗan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Harshen da ya saba da biskit tun yana goye, da wuya ya so alayyafo daga baya.

Ƙafa ta manta hanya

Yanzu ga magana ta biyu. A Landan akwai motocin bas masu bene. A 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatansu. Direba yana zaune yini guda. Kwandasta yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, gari ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi kashe su farat ɗaya. Ya duba ma'aikatan gidan waya ya ga haka nan: masu yawon raba wasiƙa sun fi masu zaman ofis lafiyar zuciya. Daga nan likitoci suka fara gane cewa zama kansa yana iya zama cuta.

Bari mu faɗi gaskiya a nan, gama ba kowa wannan magana ta shafa ba. Macen da ta tashi da asuba ta yi daka, ta ɗebo ruwa a rafi, ta ɗauko itace, ta bi miji gona da goyo a baya, ba ta bukatar kowa ya koya mata motsa jiki. Abinci mai kyau take bukata, da hutu, da miji mai taimako. Haka ma manomin da ke riƙe da garma tun daga Mayu har kaka.

Amma ku duba yadda ƙauye ya sake. Babur ya karɓi tafiya, injin niƙa ya karɓi daka, maganin feshi ya karɓi rabin noma, waya ta karɓi aike. Ba mu yi baƙin ciki da waɗannan ba, sun rage wahala, ba kuwa mai so a koma baya. Sai dai jiki bai san an yi canji ba. Muna cin malmalar mai noma, muna aikin mai zama. Malamin makaranta, mai shago, tela, ɗan acaɓa, direba, ma'aikacin ƙaramar hukuma, matar da ke zaune a kan benci tana sayar da kaya daga safe har dare, dukanmu direbobin Landan ne. Har manomi ma, in an gama girbi, wani yakan zauna a gindin itace yana dara daga Disamba har ruwa ya sauka.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Watau minti 30 a rana, kwana biyar a mako, shi ne mafi ƙanƙanta. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuma awa guda kowace rana. Matsakaici shi ne wanda zai sa numfashi ya ƙaru, jiki ya yi ɗumi, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Tafiya da sauri ta isa. Keke ya isa. Ban ruwa da bokiti, faskare, shara, rawa, ƙwallo, langa, duk suna cikin lissafi. Ba dole a yi shi a zama ɗaya ba, minti goma da safe da minti ashirin da yamma sun haɗu sun zama talatin.

Amfaninsa kuwa a fili yake. Yana sauko da hawan jini, yana taimakon jiki ya ƙone sukari, yana ƙarfafa zuciya da ƙashi, yana kawo barci mai daɗi, yana rage damuwa. Tsoho mai tafiya kullum bai cika faɗuwa ba.

Abin da ke hana mu ba rashin lokaci ba ne, girman kai ne. Ana ganin in hedimasta ya tafi makaranta a ƙasa, to, ya talauce. Ana ganin tumbi alamar arziki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya ji a aljihunsa, sai mu ce ga dalili ya samu: duk inda bai fi tafiyar minti ashirin ba, a bar babur ya huta. Aljihu ya huta, zuciya ta yi aiki.

Gargaɗi ɗaya. Wanda ya daɗe ba ya motsi ya fara da kaɗan, sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya ya ga likita. Mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda ya nemi shawarar likita a kan irin 'ya'yan itacen da zai ci da yawansu. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini ko na sukari kada ya ajiye shi don ya fara cin zogale. Mun binne mutanen da suka yi haka. Ganye yana taimakon magani, ba ya maye gurbinsa.

Lambu maganin abu biyu

Abin da ya sa muka haɗa maganganun nan biyu a takarda ɗaya shi ne, ƙaramin lambun bayan gida yana amsa su duka. Wanda ya yi kaftu, ya ɗebo taki, ya yi ban ruwa safe da yamma, ya riga ya sami mintinsa talatin, ga kuma ganyen miya a hannu. Ga abin da muke roƙon kowane gida ya yi kafin fitowa ta gaba:

1. A keɓe fili taki biyar da taki biyar kusa da inda ake wanke-wanke, a kewaye shi saboda awaki da kaji, a zuba takin gida. Ruwan ɗauraya da ba shi da sabulu da yawa ya isa ban ruwa.

2. A shuka alayyafo, cikin wata guda ko da 'yan kwanaki za a fara tsinka. A ƙara rama, yakuwa, lalo da kuɓewa. A bar kabewa ta hau danga.

3. A kafa rassan zogale a jikin shinge. A riƙa sare kansa don ya yi rassa a inda hannu zai kai.

4. A shuka gwanda huɗu ko biyar. Tana fara 'ya'ya cikin shekara guda. In sun yi fure a cire mazan, a bar ɗaya.

5. A dasa mangwaro ko lemo ko gwaiba ɗaya da sunan kowane yaro, shi zai riƙa ba shi ruwa. Mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Ku tambayi malamin gona inda za a sami dashe mai kyau.

6. Ranar da za a kai kaya kasuwa, a cika kwandon uwargida tukuna.

7. Duk wanda ya kai shekara 30 ya je a auna jininsa ko da yana jin garau, gama hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo.

Zumuntar mata da ƙungiyar matasa za su iya yin wurin renon dashe guda ɗaya don dukan ƙauye. Malaman makaranta kuma su farfaɗo da lambun makaranta, amma a bar yara su ci abin da suka shuka, kada a sayar duka.

Mun sake biyawa ta gidan dattijon nan bayan 'yan watanni. Muka tarar an kawo tuwo kamar dā, amma a gefe ga kwano cike da kabeji da karas an kwaɗa da ƙuli. Ya ce uwargida ce ta ji maganarmu ta ranar nan daga bayan zana, tun daga lokacin kuma ba a ɗaure buhu sai ta ɗebi nata. Ya ce har yanzu shi bai ga daɗin abin ba. Amma muna kallo, shi ya sa hannu ya share kwanon.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiyar cin abin da muka noma.